Shin Busa Ilimi Ne, Ko Iska Ce Kawai?

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na amsa wasiƙunku, wanda kuke ji a rediyo, daga baya kuma a buga muku shi a wannan shafi saboda wanda bai samu saurara ba, ko wanda yake so ya yanke ya ajiye. A wannan mako wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo. Ta fito ne daga Dareta, cikin ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, kuma mai ita ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni manomi ne, ina kuma taɓa ɗinki. Mahaifina mai busa ne, ya yi shekaru shina bin masu busa na fada, yanzu ya tsufa ya dawo gida, haƙoransa sun fara zuba. Ni ban gada ba, kunya ta hana ni tun ina yaro, don abokaina suna ce mani ɗan maroƙa. To ga shi ɗana mai shekara 13, shina aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kullum shina maƙale da kakansa sai ya koya mashi. Uwar yaron ta ce a'a, roƙo ne, zai lalata mashi karatu. Wani malamin makarantarsu kuwa ya ce mani a Amurka an yi mutumin da busa ƙaho kaɗai ta kai shi ga zama farfesa a jami'a. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wane ne shi, kuma mi ya yi? Sa'an nan busa ilimi ne da za a ce an koyar, ko kuwa iska ce kawai? Ku ba ni shawara tun tsoho na da sauran numfashi."

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ƙara wa tsoho lafiya. Malamin nan gaskiya ya gaya maka. Irin waɗannan mutane ma suna da yawa a ƙasashen Turai da Amurka, amma wanda ya fi shahara a cikinsu ta wajen koyarwa shi ne wani Ba'amurke mai suna Filip Farkas. Zan ba ka labarinsa, sa'an nan mu dawo gida mu duba abin da ke hannun tsohonka, daga nan sai in gaya maka abin da nake gani.

Wurin aikinsa da abin busarsa

Turawa suna da wata babbar ƙungiyar makaɗa da suke kira okestira. Mutum 80 ne zuwa 100 za su zauna a kan kujeru cikin wani babban zaure, kowa da takardar kiɗa a gabansa. Wasu na goge, manya da ƙanana, wasu na sarewa, wasu na kayan busa na ƙarfe, wasu na ganguna. A gabansu ga madugu a tsaye da ɗan tsinke a hannu, yana nuna wa kowa lokacin da zai shiga da lokacin da zai yi shiru. Albashi ake biyansu kamar kowane ma'aikaci, kuma sai an yi wa mutum jarrabawa kafin a ba shi kujera.

A cikin kayan busan nan akwai wanda ake kira ƙahon Faransa, ko kuma ƙaho kawai. Asalinsa na mafarauta ne. A ƙarni na 17, in sarakunan Faransa da fadawansu za su fita farauta a kan dawakai, akan rataya wani ƙaho na tagulla da aka naɗe kamar gammo, a riƙa busawa don na nesa su san an tashi nama, ko nama ya tsere, ko an ce a taru. Daga daji ne ya shigo zauren kiɗa. In ka warware naɗin nan, bututun zai kai ƙafa 12, wato tsawon dogon kakaki ke nan, sai dai shi an lanƙwasa shi don mutum ya iya rungumarsa yana zaune.

Yadda yake fitar da murya kuwa daidai yake da kakaki. Babu wani abu mai ƙara a cikinsa. Leɓen mai busa ne ke kaɗawa idan iska ta ratsa, shi kuma bututun ya ɗauki wannan kaɗawa ya ƙara mata ƙarfi. In ka tsuke leɓe murya ta hau, in ka sassauta ta sauka. Da can muryoyin da ƙahon zai iya bayarwa ƙididdigaggu ne. Sai a 1818 wasu Jamusawa biyu, Stölzel da Blühmel, suka yi rajistar wata dabara ta maɓallai, waɗanda in an danna sukan ƙara wa iskar tsawon hanya, don haka aka samu kowace murya ake so. Duk da haka makaɗan Turai da kansu sun yarda cewa yana cikin kayan kiɗa mafi wuyar sha'ani, domin muryoyinsa na sama suna kusa da juna ƙwarai, leɓe ya ɗan kuskure kaɗan sai murya ta karye a gaban dubban mutane. A okestira akan sa masu ƙaho huɗu, wani lokaci fiye. Na ɗayansu shi ne shugaba, shi ke ɗaukar wuraren da sauran makaɗa za su lafa a bar shi shi kaɗai. In da a fada ne, sai mu ce shi ne Sarkin Busa.

Wane ne Farkas?

An haife shi a birnin Shikago ranar 5 ga Maris, 1914. Iyayensa ba makaɗa ba ne, shi bai gaji komai ba. Ya fara da busa bigila a ƙungiyar 'yan sikawut, daga nan a makaranta aka ba shi wani ƙaton abin busa da ake kira tuba. Shi da bakinsa yakan ba da labarin cewa wata rana kwandastan motar haya ya hana shi shiga da tuba, wai tana tare wa fasinja hanya. Yaro ya ce to wane iri za ka bari in shiga da shi? Kwandasta ya nuna masa akwatin ƙaho a hannun wani ɗan makaranta. Ka ji mafarin abin. Daga nan ya shiga hannun wani gwani mai suna Louis Dufrasne, wanda ya ɗora shi a kan hanya.

A 1933, bai cika shekara 20 ba, aka ɗauke shi mai ƙaho na ɗaya a okestirar birnin Kansas. A 1936, yana da shekara 22, ya samu wannan kujera a okestirar Shikago, wadda tana cikin manya na duniya. A 1941 ya koma ta Cleveland, a 1945 ya tafi ta Boston, ya sake komawa Cleveland, daga bisani ya dawo gida Shikago ya riƙe kujerarsa har 1960. Faifan da ƙungiyar ta yi a zamanin madugu Fritz Reiner, wanda ya karɓe ta a 1953, har yau masu koyon ƙaho suna sauraronsu don su ji yadda yake yi.

To a 1960 ɗin nan, yana da shekara 46, ƙarfinsa bai ragu ba, sai ya ajiye kujerar ya karɓi aikin farfesa a Jami'ar Indiyana da ke garin Bloomington. Dalilin da ya bayar shi ne, ya sha jin masu busa waɗanda suka ƙi sauka har leɓensu ya gaza a bainar jama'a, don haka shi ya gwammace ya sauka da sauran shekaru a gabansa, da a ce ya makara ko da da minti goma ne. Ya koyar a can har 1982, ya kuma rasu a Bloomington ranar 21 ga Disamba, 1992, yana da shekara 78.

Me ya koyar?

Nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai an nuna mana cewa iya abu daban, iya koyar da shi daban. Akwai gwanin da in ka ce ya nuna maka yadda yake yi, sai ya ce kai dai duba ka gani. Farkas ya zauna ya warware abin da bakinsa ke yi dalla-dalla, har ya zama wanda bai taɓa ganinsa ba zai iya ɗauka. A 1956 ya fitar da littafinsa mai suna The Art of French Horn Playing, wato gwanintar busa ƙahon Faransa, wanda masu wannan sana'a suka ɗauka a matsayin littafin farko da ɗalibi zai mallaka. A 1962 ya yi wani a kan busa kayan ƙarfe baki ɗaya, a 1976 kuma ya yi wani a kan yadda makaɗi zai fahimci kiɗan da yake yi.

A ciki ya bayyana inda ake ɗora bakin ƙaho: kashi biyu cikin uku a leɓen sama, kashi ɗaya a na ƙasa. Ya ce kamun leɓen yana tsakanin murmushi da tsuke baki irin na mai fito, kada ɗaya ya rinjayi ɗaya. Ya yi bayanin jan numfashi tun daga ciki, da amfanin tsayawa gaban madubi, da ɗumama leɓe kowace rana kafin a shiga busa mai nauyi, har da yadda mutum zai yi da fargaba idan ya ga taro. A 1970 ya bi gwanaye 40 ya ɗauki hoton bakinsu suna cikin busa, ya buga a littafi, don ɗalibi ya ga inda suka yi tarayya da inda kowa ya bi tasa hanya. Bugu da ƙari, ya haɗa kai da kamfanin Holton suka ƙera ƙaho mai ɗauke da sunansa, wanda ɗalibai masu ɗimbin yawa suka koyi busa da shi. Almajiransa sun riƙe kujeru a okestirori da jami'o'i, su ma suka yaye nasu.

Ka lura da wani abu. Busa aba ce da ke tafiya da numfashi, in an sauke ƙaho ta ƙare. Da Farkas ya tsaya ga busa kaɗai, da yanzu ba abin da ya rage nasa sai 'yan faifai. Abin da ya sa malamin makarantar ɗanka a Dareta ya ji labarinsa, shekaru bayan rasuwarsa, shi ne abin da ya zuba a kan yara da abin da ya zuba a takarda.

Mu dawo gida

Mu ma muna da tamu ƙungiyar, sai dai tamu a ƙofar fada take, a tsaye ko a kan dawakai. Akwai tambari, akwai gangar fada, akwai kuma masu busa. Kakaki shi ne dogon nan na ƙarfe, wanda ake harhaɗa gaɓoɓinsa in za a busa, wani kan kai ƙafa 8, wani ya fi haka nesa. Ana yin sa da tagulla, a baya kuma har da garwar kananzir maƙera suka riƙa ƙera shi. Akwai farai, wanda bai kai kakaki tsawo ba. Akwai ƙaho na ainihi, na gwanki, wanda ake huda wa a gefe a busa shi a karkace. Waɗannan uku duk da kaɗawar leɓe suke aiki, kamar ƙahon Farkas. Algaita ita ce ta fita daban, don tana da ɗan harshe a baki da ramukan yatsu, mai ita kuma yakan tara iska a kumatu yana jan wata ta hanci, shi ya sa ba ka jin ta yanke.

Abin nan ba na jiya ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Wato kakaki ya girmi ƙahon farautar Faransa da shekaru fiye da 100. Za ka same shi a fadar Nufawa da Barebari da wasu sarakunan Yarbawa, haka nan a Nijar da Chadi da Kamaru. Bisa al'ada ba a busa wa kowa shi. Attajiri komai kuɗinsa ba ya sa a yi masa kakaki, na sarauta ne. Ana jin sa ran hawan salla, da ranar naɗi, da in sarki zai fita ko zai karɓi babban baƙo, da kuma daren Juma'a a ƙofar fada, abin da a wasu wurare ake kira sara. Masu busan suna da shugaba, Sarkin Busa ko Sarkin Kakaki, da na ƙarƙashinsa daki-daki.

To ina ilimin yake? Kakaki ba shi da maɓalli ko rami, muryoyinsa manya biyu ne, ta sama da ta ƙasa. Wanda bai sani ba sai ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Amma Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Ka ce wuya na jiki, ka kuma ce wuya ta wahala, ka saurari bakinka: a ta farko murya daga sama ta sauko, a ta biyu daga ƙasa ta hau. Haka baba mahaifi da baba na rini. Da wannan hawa da sauka, da tsawon gaɓa da gajartarta, mai busa ke sa ƙarfe ya yi magana. Abin da kake ji ba ƙara ba ce kurum, take ne, wato kirari ne ake faɗi, kuma dattawan fada suna jin sa kamar yadda kake jin maganata.

Saboda haka mai busa na gaske dole ya san taken sarkinsa da na iyayen sarkin da kakanninsa. Dole ya san abin da ake busawa in sarki zai fito, da in ya hau, da in zai sauka, don in ya busa wani a wurin wani ya yi abin kunya a gaban gari. Dole ya san inda zai shiga da inda zai bar wa ɗan'uwansa, tun da kakaki a jere ake busa shi, ba kuma madugu mai tsinke a gabansu, kunne ne ke yi musu jagora. Ga ɗaga ƙarfe mai wannan tsawo sama a riƙe shi ba rawa, wani lokaci a bisa doki. Duk wannan ba a rana ɗaya ake samunsa ba. Yaro kan fara da ɗaukar kaya yana bin uba, kunnensa na cika tun bakinsa bai iya ba, daga baya a ba shi ya gwada, a gyara masa, har ran da za a sa shi cikin sahu.

Ku mutanen ƙasar Anka kuna da ƙarin dalili. Sarautar Sarkin Zamfara da ke Anka tsohuwar sarauta ce, ta faro daga Dutsi, ta zauna a Birnin Zamfara har Gobirawa suka ci birnin a zamanin Babari, jim kaɗan bayan 1760, ta yi ƙaura daga wuri zuwa wuri kafin ta tabbata a Anka a ƙarni na 19. Ga fadar Sarkin Mafaran Gummi, ga ta Bukkuyum, kowace da tarihinta. Kirarin mutanen da suka shuɗe a waɗannan gidaje, da yawansa a bakin makaɗa da masu busa ya saura. Duk tsohon da ya tafi da nasa bai miƙa wa kowa ba, an yi asarar da ba mai iya biya.

Me ya sa ba a san sunayensu ba?

Mawaƙi sunansa kan fita, shi kuwa mai busa yakan ɓace cikin taro. Kowa a Zamfara ya san Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, an san ya gaji mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya kuma yi wa yayansa Abdu Kurna amshi kafin ya tsaya da kansa. An san Salihu Jankiɗi, an san Ibrahim Narambaɗa. Rediyo da kaset sun riƙe muryoyinsu, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun bi tarihinsu sun rubuta. Amma ka tambayi matashi wa ya busa kakaki ran naɗin sarkin garinsu, sai ya yi shiru, alhali kuwa busar nan ce ta fara sanar da shi an yi sarki.

An yi ɗan ƙoƙari. Wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, sun zauna a Zariya da Katsina a shekarun 1960, suka tattara sunayen kayan kiɗa da na busa da sarautun masu su, aka buga littafin a 1971. Abin mamaki, Jami'ar Northwestern da ta buga shi tana daf da Shikago, kuma Farkas ya taɓa koyarwa a cikinta. Sai dai littafin nan na kalmomi ne da bayaninsu, ba zai ɗora wa yaro kakaki a leɓe ba. Wannan sai mutum irin tsohonka.

Maganar roƙo da maganar addini

Kada ka raina maganar uwar yaron, tana da hujja. Al'adarmu ta sa makaɗa da masu busa cikin maroƙa, kai da kanka ka ɗanɗana gorin, kuma akwai gidajen da har yanzu sukan yi nauyin ba su aure. Samunsu kuwa na kyauta ne, yau akwai gobe babu. A wasu shekarun ma matsalar tsaro ta sa an dakatar da hawan salla a garuruwa da dama, masu busa suka zauna a gida. Ba zan ruɗe ka in ce kakaki kaɗai zai riƙe wa yaron nan gida ba. Shi Farkas albashi ya ci, kuma ba don ya iya karatu da rubutu ba, da babu littafi ko ɗaya.

Ta wajen addini kuwa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Kitabul Farƙi ya soki sarakunan da suka shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana, ya kuma nuna cewa Musulmi kan buga tambari ne don wata manufa, kamar tara runduna. Sarakunan da suka biyo bayan jihadi sun ci gaba da riƙe tambari da kakaki a matsayin alamar mulki. Hukuncin abin dai na malamai ne, ni ba malamin fatawa ba ne, ka je wurin wanda ka yarda da iliminsa ka gaya masa ainihin irin busar da ake magana a kai.

Shawarata

Na farko, in malaminka bai hana ba, ka bar yaron ya koya, amma da sharaɗi. Makarantar boko da ta allo suna gaba, busa da marece da lokacin hutu. Ran da sakamakon jarrabawa ya faɗi, a rataye kakaki sai ya gyara. Ka zauna da uwarsa ka gaya mata wannan sharaɗi a gaban tsoho, don ta san ba a yi watsi da maganarta ba. Yaron da ke zaune gaban kakansa da marece, ai an san inda yake.

Na biyu, kada ku jira. Ka ce haƙoran tsoho sun fara zuba. Leɓen mai busa a kan haƙoran gaba yake jingina, in suka tafi busa ta tafi, ko da numfashi na nan. Abin da Farkas ya hango ke nan ya sauka da wuri.

Na uku, ku yi wa tsoho abin da Farkas ya yi wa kansa. Ka sayi littafin rubutu guda, ka samo waya mai ɗaukar murya. Tsoho ya busa take ɗaya, sa'an nan ya faɗe shi da baki, ya ce na wane ne, yaushe ake busa shi, wa ya koya masa. Yaro ya rubuta, ya sa kwanan wata. Ku fara da sunan tsohon da na ubansa da na Sarkin Busan da ya bi. In ya ce wani take ba a busa shi a gida, ku girmama masa, ya faɗa da baki kawai. Ku aje ɗan madubi a gefe don yaron ya riƙa gwada kamun leɓensa da na kakansa. In littafin ya cika, akwai sassan nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Bayero a Kano, inda ake neman irin wannan ruwa a jallo.

Na huɗu, ku mutanen Dareta ba sai an gaya muku illar dalma ba, bayan abin da ya faru a 2010, lokacin da gubarta daga dutsen zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Allah ya ji ƙansu. Maƙeran farin ƙarfe sukan yi liƙi da dalma. Ku kai kakakin a duba, in akwai liƙinta a inda ake ɗora baki a sake wurin, kuma kada a goge shi da ƙasar da ta fito daga wajen haƙa ko niƙan dutse.

Na ƙarshe, in yaron ya girma abin bai fita ransa ba, akwai inda leɓen da ya horu zai ci albashi. Sojoji da 'yan sanda suna da 'yan badujala, kuma a cikin kayansu har da ƙahon nan na Faransa. Jami'ar Nsukka tana da sashen koyar da kiɗa tun farkon shekarun 1960, a Legas kuma akwai makarantar MUSON. Duk waɗannan sai da takardar makaranta ake shigarsu, ka ga maganar uwarsa ta sake fitowa. In kuwa ya zama malami ko likita ko manomi irinka, ba abin da ya rage shi da shi don ya san taken kakanninsa.

Malam, da fatan ka gamsu. Ka gaishe mana da tsoho, ka ce masa muna jiran labarin ran da jikansa ya fara fitar da murya ta biyu. Sauran masu wasiƙu daga Gummi da Talatar Mafara da Gusau, ku yi haƙuri, naku na nan tafe. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.